Darasi na 9: Mai Feshi da Abin da Ya Goya

Idan damina ta kankama, ka fita bayan gari da hantsi, ba za ka rasa ganinsa ba. Ya goya tankin feshi, hannun hagu na buga famfo, na dama riƙe da sanda, yana bin kunya-kunya. Rigar ƙwallo ce a jikinsa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafarsa silifa, wani lokaci ma ba ko silifar. Bayan rigar ya jiƙe sharkaf. Ka tambaye shi, ya ce maka gumi ne. Ka matsa kusa ka sansana, za ka ji ba gumi kaɗai ba ne. Murfin tankin na yoyo tun safe, ruwan na bin gadon bayansa har ƙugu.

Gonar ba tasa ba ce. Ɗaukarsa aka yi, a biya shi tanki-tanki, ya gama nan ya wuce gonar wani. Mai gona yakan yi feshi sau biyu ko uku a damina ya huta. Mai feshin haya kuwa kullum ne: ciyawa a farkon ruwa, tsutsar masara, furen wake, ga rani na jiransa a fadama da tumatir da albasa da barkono. Abin da jikin manomi ke gamuwa da shi a shekara, jikin mai feshin haya na gamuwa da shi a mako. Wannan darasi nasa ne. In kai ne shi, ko ɗanka ne, ko mijinki, to a matso kusa.

Sunan da ya sa muka saki jiki

Kalma ɗaya muke da ita ga abin da likita ke rubuta wa majiyyaci da abin da ake zubawa a tanki. Maganin zazzaɓi, maganin ciyawa, maganin ƙwari, duk magani. Sunan ya cuce mu, domin ba wanda ke gudun magani. Abin da ke cikin kwalbar nan an haɗa shi ne don ya kashe mai rai. Guba ce, kuma a ajin nan haka za mu riƙa tuna wa juna.

Ku dubi yadda take aiki. Akwai wani babban gida na magungunan ƙwari da ake kira oganofosfet. A cikinsa DDVP yake, wato abin da ke cikin Sniper, wanda kuma ake yawan samu a fiya-fiya. A jikin ƙwaro, haka a jikin mutum, jijiya na aika wa tsoka saƙo ta motsa. Da saƙon ya isa, akwai wani sinadari da ke share shi don tsokar ta huta. Wannan sinadarin gubar ke ɗaurewa. Sai saƙo ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa, tsoka ta yi ta rawa, yawu da gumi da hawaye su ɓalle, ƙirji ya cika da majina. Abin da ke sa ƙwaro ya faɗo yana shure-shure, shi ke kai mutum asibiti.

Ga inda abin ya fi shafar mai feshin haya. Sinadarin da gubar ta ɗaure ba ya dawowa a dare ɗaya. Yakan ɗauki kwanaki, har makonni. Na jiya bai gama farfaɗowa ba ka ƙara na yau, gobe ka sake ƙarawa. Sau da yawa nakan ji ana cewa, "Ni fa shekara biyar ina wannan aiki, jikina ya saba." Jiki ba ya sabawa da guba, ɗan'uwa. Ciwon kan da kake kwana da shi bayan feshi, da jirin da kake ɗora wa zafin rana, da ganin da ke yi maka hazo-hazo, jikin ne ke kai maka ƙara.

Me doka ta ce?

A Najeriya ba a shigo da maganin feshi, ko a haɗa shi, ko a sayar, sai hukumar NAFDAC ta yi masa rajista. An kafa hukumar a 1993, kuma lambarta na jikin kowace kwalba ta halal. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan muhalli, har da zubar da guba a ruwa ko a ƙasa. Wanda sana'arsa feshin gidaje da shaguna da otal ce, na sauro da kuɗin cizo da gara, lasisinsa na hannun majalisar EHCON mai kula da aikin duba-gari. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi nasu tsarin daban ne: kwamitin magungunan feshi na ƙasashen Sahel, mai mazauni a Bamako, shi ke tantance musu. Saboda haka kwalbar da ta halatta a Katsina ba lallai ta halatta a Maraɗi ba, ko da ta tsallaka iyaka a bayan babur ba wanda ya ce uffan.

Akwai waɗanda aka hana kwata-kwata. Gamalin da iyayenmu suka sani, wanda har wasu suka riƙa zubawa a kogi don kama kifi, sinadarinsa lindan ya shiga jerin haramtattu na Yarjejeniyar Sitokhom a 2009, endosalfan ya bi shi a 2011. Dalili shi ne ba sa ruɓewa da wuri. Suna taruwa a ƙasa, a kitsen dabba, har a nonon uwa. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper masu cin mililita 100 a kasuwanni da kantuna. Daga baya ta sanar da janye farakwat daga farkon 2024, kulofirifos a cikin shekarar, sai atirazin daga farkon 2025. A jikin kwalba za ka ga an rubuta su Paraquat, Chlorpyrifos da Atrazine. Ka haddace siffar rubutun. Jerin na canzawa, don haka kowace damina ka tambayi malamin gona abin da aka ƙara. Ganin abu a teburin kasuwa ba shaidar halaccinsa ba ne.

Sai na ɗure, wanda ake juyewa a gorar ruwa ko kwalbar lemo, ba takarda ba lamba. Wannan kada ka saya, kada kuma ka fesa ko da mai gona ne ya kawo. Ba ka san abin da ke ciki ba, likita ma ba zai sani ba ranar da aka kai ka. "Alhaji ne ya sayo" ba ta wanke wanda ya fesa. Kuma yaron da bai kai shekara 18 ba, da mace mai ciki ko mai shayarwa, ba su da hurumi a wannan aiki, ko riƙe maka mazurari ne.

Kwalba tana magana

Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe sunan kasuwa ne, kamfani ya raɗa. Ka duba ƙasa da shi, da ƙananan baƙaƙe, za ka ga sunan sinadarin da ke yin aikin da yawansa. Kamfani goma na iya sayar da sinadari ɗaya da suna goma. Wanda bai san haka ba sai ya haɗa kwalba biyu a tanki yana ganin ya haɗa ƙarfi biyu, alhali abu ɗaya ya ninka.

A gindin takardar akwai zirin launi da ya bi rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya: ja ga mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Kore ma guba ce, sai dai ta fi sauƙi. A cikin zirin akwai 'yan hotuna, safar hannu, dogon takalmi, tabarau, kifin da aka ja wa layi. An sa su ne don wanda bai yi boko ba. Bayan nan ka nemi ranar da maganin zai lalace, da irin shukar da aka yarda a fesa masa, da adadin da ake sawa a hekta, da lokacin da za a jira kafin a shiga gonar, da kwanakin jira kafin girbi. Maganin da aka yi wa rajista don auduga ba na kabeji ba ne, ko da tsutsar ta yi kama.

Takardar da Turanci take zuwa, ko Faransanci. Ba abin kunya ba ne ka ce ba ka iya ba. Ɗauki hotonta a waya ka kai wa malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jiharku, kamar KNARDA a Kano, ya karanta maka, ka rubuta da Hausa ko ajami a littafinka.

Awo

Nan za mu daɗe, domin nan sana'ar take. Tambayi masu feshi nawa suke zubawa a tanki, yawancinsu za su ce gwangwanin madara ɗaya, ko biyu in ciyawar ta yi ƙarfi. To wane gwangwani? Wane tanki, mai lita 16 ko mai 20? Takarda cewa ta yi lita kaza a hekta. Ba ta ce kaza a tanki ba, saboda ba ta san girman tankinka ba, ba ta san saurin tafiyarka ba, ba ta san faɗin bakin feshinka ba. Kai ne za ka gano wannan, kuma da ruwa zalla ake yi.

Ka auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, ka kafa tsinke a kusurwa huɗu. Wannan murabba'in mita 100 ke nan, kashi ɗaya cikin ɗari na hekta. Ka cika tanki da ruwa har kan layi. Ka fesa filin yadda ka saba: takunka na kullum, bugun famfonka na kullum, tsayin sandarka na kullum. Kada ka yi sauri don ana kallonka. Da ka gama, ka ɗauko kofin awo ka sake cika tankin zuwa layin nan, kana ƙirga abin da ya shiga.

A ce lita 2 ya ci. Ka ninka sau 100: hekta ɗaya za ta ci maka ruwa lita 200. In tankinka mai lita 20 ne, tanki 10 ke nan a hekta. To takarda ta ce lita 4 na magani a hekta. Lita 4 mililita 4,000 ce. Ka raba wa tanki 10, kowane tanki ya tashi da mililita 400. Abokinka mai tankin lita 16, in takunku ɗaya, shi tanki goma sha biyu da rabi zai yi, kuma mililita 320 zai zuba. Kun ga gona ɗaya, magani ɗaya, amma awo ya bambanta. Ka maimaita gwajin sau uku ka ɗauki na tsakiya, ka kuma sake shi duk lokacin da ka canza bakin feshi.

Wanda ya zarce awo ya ƙone shuka, ya ɓarnatar da kuɗin mai gona, ya bar saura a abinci. Wanda ya rage, ya kashe raunanan ƙwari ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Haka ma wanda ya nace wa sinadari ɗaya shekara da shekaru. Manoman tumatir ba su manta 2016 ba, shekarar da ƙaramar tsutsar nan Tuta absoluta, wadda jaridu suka laƙaba wa Ebolar tumatir, ta cinye gonaki a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsutsar a cikin naman ganye take zama, inda feshi ba ya cika kaiwa, kuma tana saurin sabawa da magani. Ƙara yawan abin da ya riga ya daina ci bai ceci kowa ba. Abin yi shi ne a zaga gona a gane ƙwaron tun yana kaɗan, a kuma riƙa sauya gidan sinadari, ba sunan kwalba kawai ba. Wani lokaci in ka zaga za ka tarar gonar ba ta buƙatar feshi ma. Ka faɗa wa mai ita gaskiya.

Jikinka

Mutane sun fi tsoron shaƙa, amma a aikin gona ta fata guba ta fi shiga. Fata kuma ba ɗaya ba ce: goshi, da cikin kunne, da hammata, da al'aura sun fi tafin hannu saurin zuƙa nesa ba kusa ba, kuma zafi da gumi na ƙara buɗe mata hanya. Ka tuna da wannan kafin ka share goshi da bayan hannu, ko ka tsuguna fitsari ba ka wanke hannu ba.

Lokacin haɗawa ya fi kowane lokaci haɗari, domin a nan kake taɓa maganin tsagwaronsa. Ka sa safar hannu ta roba mai kauri da ta wuce wuyan hannu. Ta ƙyalle ko ta fata tsotsewa take yi, ta riƙe gubar a jikinka yini guda. Ka zuba ruwa rabin tanki, ka auna magani da kofin awo ko sirinji, ka zuba, ka ɗauraye kofin a cikin tankin, ka cika, ka rufe ka girgiza. Ba a motsawa da hannu. Kafin ka goya, ka duba robar murfi da mahaɗar tiyo, ka goge jikin tankin. In bakin feshi ya toshe, ka kwance shi ka wanke da ruwa da tsinken ciyawa mai laushi. Kada ka sa waya ko allura, za ta faɗaɗa ramin ta ɓata maka awo. Kada kuma ka busa da baki, ko sau ɗaya.

Na san abin da za ku ce: zafi. Gaskiya ne, mutum ba zai iya yini cikin rigar leda a ranar Afrilu ba, kuma duk wanda ya koyar da ku kamar babu zafi a ƙasar nan bai taɓa goya tanki ba. Amma akwai abin da ba a sassautawa: riga mai dogon hannu, dogon wando da aka sako a kan takalmin roba ba a cusa ciki ba, hula mai faɗi, tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumi irin wanda takarda ta nuna. Ka yanka leda mai kauri ka sa tsakanin bayanka da tanki. Hankici ko bakin rawani da aka naɗe a hanci, da ya jiƙe ya zama shi ne gubar. Maganin zafin kuwa shi ne lokaci: ka fara da sassafe ka ajiye kafin rana ta take, ka koma da la'asar sakaliya. Mai azumi ya fi kowa buƙatar wannan tsari.

Wani abu da ban cika jin ana faɗa ba shi ne alwala. An kira azahar, mutum ya sauke tanki ya jawo buta. Da hannun nan zai kurkure baki, ya shaƙa ruwa a hanci, ya wanke fuska, ya shafi kunne, duk ƙofofin da guba ke nema. Sabulu tukuna, har gwiwar hannu, sannan alwala. Haka kafin goro, kafin sigari, kafin tuwo. In ka tashi aiki ka yi wanka da sabulu kafin ka ɗauki yaro. Kayan feshi kuma a wanke su daban, a bokiti daban, kuma ya fi kyau kai ka wanke abinka da safar hannu, kada a haɗa wa uwargida da kayan yara.

Iska da maƙwabta

In iska na kaɗa ganye da ƙarfi, ka haƙura. In kaɗan ce, ka tsara tafiyarka yadda za ta ɗauke feshin daga jikinka. Hadari ya haɗo, kada ka fesa. Ruwa zai wanke shi zuwa rafi. Maganin ciyawa da iska ta kai gonar maƙwabci rigima ce da za ta kai gaban mai unguwa, kuma kai za a kira. In da hali ka ware tanki ɗaya don ciyawa kawai. Shuka mai fure a fesa mata da yamma lis, bayan ƙudan zuma sun koma. Ba a haɗa magani a bakin rijiya, ba a wanke tanki a kududdufi ko magudanar ban-ruwa. Da ka gama, ka kafa sanda da jan ƙyalle a bakin gona, ka sanar da makiyaya da masu yankan ciyawa da matan da ke tsinkar rama da tafasa a gefen kunya.

Ranar da za ka ce a'a

Mai tumatir zai ce ka fesa yau, gobe mota za ta ɗauka zuwa Legas. Takarda ta ce a jira kwana kaza. Kwanakin nan su ne lokacin da gubar ke buƙata ta ragu har abincin ya ciwu, ba su da gajeriyar hanya. Amma gwajin da ya fi wannan zafi a sito yake zuwa. Dillalin wake ya aiko a kira ka.

"Malam, buhu ɗari biyu ne. Ka yayyafa musu Sniper kafin mu ɗinke, ƙwari sun fara."

"Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma wannan kam ba zan iya ba. Ba a yi shi don a zuba wa abinci ba."

"Haba, kowa haka yake yi. Kafin a ci ai ya fice."

"Ranka ya daɗe, da yana ficewa duka da ƙwarin sun dawo. Abin da ke hana su dawowa shi ke shiga tukunya. Ka ba ni dama in kawo buhu mai leda, in nuna wa yaranka yadda ake ɗaure shi."

Wataƙila Alhaji ya yarda, wataƙila ya kira wani. Ba zan ce muku barin kuɗin yini abu ne mai sauƙi ga mai iyali ba. Amma waken nan alala zai zama, da ƙosan da ɗanka zai saya a bakin makaranta. Kuma ɓarnar ta riga ta wuce gida: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sauran DDVP. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilo, amma an samu waken da ya ninka haka sau ɗaruruwa. Haramcin ya ɗauki shekaru ana sabunta shi, kuma manomin da bai taɓa zuba komai a wakensa ba shi ma ya ɗanɗana.

Buhun da ake magana shi ne PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka faro dabarar, kuma tun 2007 ake yaɗa ta a ƙasashenmu. Ba guba a ciki. Ƙwarin ne ke shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Sharaɗi dai wake ya bushe sosai, leda ba huji, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako inda ɓera ba zai kai ba.

Ƙwayar Phostoxin kuwa, da wasu ke kira bom, ba ta kowa ba ce. Da ta ji danshin iska sai ta saki iskar fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Iskar na ratsa buhu da tsagar bango, kuma ba ta da makari. Aikinta na wanda aka horar ne, a sito da ke nesa da wurin kwana, ƙarƙashin tamfol da aka danne gefensa. Ba a sa ta a ɗakin da ke jikin ɗakin kwana, ba a sa ta don ɓera a cikin gida.

In abu ya faru

Na taɓa tarar da wani saurayi a fadama an kwantar da shi ƙarƙashin mangwaro. Yawu na dalala, rigarsa jiƙe, tsokar cinyarsa na rawa ita kaɗai, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura. Mutanen da suka kewaye shi masoyansa ne: wani ya ruga neman madara, wani na ƙoƙarin ɗura masa manja. Ba wanda ya tuna ya cire masa rigar, wadda har lokacin take shayar da fatarsa guba. Allah ya sa an samu mota, ya tashi. Amma an ɓata kusan awa guda kan abin da ba ya taimako.

Madara da manja ba makari ba ne. Maiƙo na iya ƙara saurin shigar wasu magungunan cikin jini, kuma ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe abu na iya kai shi huhu. Kada a sa shi amai. Yawancin magungunan ruwa a cikin wani irin mai aka narka su, in ya koma huhu sabuwar cuta ce. A fitar da shi daga gonar, mai taimako ya kare hannunsa, a tuɓe kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. A kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe, a garzaya asibiti, a tafi da kwalbar. Ita za ta nuna wa likita hanya: oganofosfet na da allurar da ake yi masa, atirofin. Farakwat ba shi da makari, kuma mayaudari ne. Mutum na iya ganin ya warware, bayan kwanaki huhu da ƙoda su kama. Duk wanda ya haɗiye shi, ko kaɗan ne, asibiti nan take.

Kwalbar da ta ƙare, da littafinka

Ka zuba ruwa kwatan kwalba, ka rufe, ka girgiza, ka juye a tanki. Sau uku. Sannan ka huda gindinta da wuƙa. Kwalbar da ba a huda ba gobe za ka gan ta an zuba man gyaɗa, ko ta zama buta, ko yaro na shan ruwa da ita. Ka tara su a buhu a wuri mai kulle, ka tambayi dillalinka ko malamin gona inda ake karɓa. Ba a ƙona su a tsakar gida. Maganin da bai ƙare ba ya zauna a kwalbarsa ta asali, a akwati mai kwaɗo, nesa da hatsi da ɗakin kwana.

Ka sayi ƙaramin littafi. Kowane aiki ka rubuta rana, gonar wa, wace shuka, wane sinadari, nawa a tanki, tanki nawa, da ranar da za a iya girbi. Ranar da aka ce feshinka ya kashe akuya ko ya ƙone dawa, littafin nan ne shaidarka.

Aiki

Ku zauna bibbiyu ku warware wannan. Mai feshi na da tanki mai lita 16. Ya gwada a fili mai mita 10 sau 10, ruwa lita 2.4 ya tafi. Lita nawa hekta za ta ci masa? Tanki nawa ke nan? In takarda ta ce lita 3 a hekta, mililita nawa zai zuba a kowane tanki?

Sannan ɗaya ya zama mai tumatir da mota ke jira, ɗaya ya zama mai feshi, ku yi hirar a gaban aji.

Mako mai zuwa kowa ya zo da hoton takardar maganin da ya fi amfani da shi, gaba da baya, yadda lambar rajista da zirin launi za su fito. Masu tanki su zo da shi a wanke, da igiya mai mita 10. A filin makaranta za mu yi awon.